Gyara da Kula da Hamonika a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu busa hamonika (ƙaramin abin busa mai jerin ƙofofi da ake karawa a baki) a Zariya, daga ɗaliban Samaru da Kongo zuwa 'yan kwaya (mawaƙan coci) na Wusasa da Sabon Gari da masu koyo a gida. Masu gyaranta ba su da yawa, don haka akasari mai ita shi ne makanikinta. An fara da abin da kowa zai iya yi da hannu kawai, aka gangara zuwa aikin da ke cin ƙarfe, wanda in an yi shi ba ya warwaruwa.

1. Me ke cikin hamonika, kuma ina sautin ke fitowa?

In ka kwance mai ƙofa goma, abu biyar za ka gani: marfi biyu, faranti biyu na tagulla, da kum a tsakiya, wato katako ko roba mai haƙora da ke raba iska ƙofa-ƙofa. Kowane faranti na ɗauke da harsuna goma. Siraran ƙarafa ne da aka kafe gindinsu da 'yar ƙusa, aka bar bakinsu yana lilo a kan wata taga da aka yanka daidai girmansu. Harshen na shiga tagar yana fita sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, yana datse iska yana saki, kuma wannan datsewar ita ce sautin da kunne ke ji.

Farantin sama na busawa ne, harsunansa suna ciki suna kallon kum. Na ƙasa na zuƙa ne, harsunansa a waje suke, da ka ɗaga marfi ka gan su. Lambobin ƙofofi a marfin sama aka rubuta su, saboda haka in ka cire shi ka tuna cewa harshe mafi tsawo shi ne na ƙofa ta 1. Kankare harshen da ba shi ne mai laifi ba kuskure ne da ke yawan samun masu fara gyara.

2. Kowace iri ce ake iya gyarawa?

Ana iya taɓa kowace, amma ba kowace ce ta cancanci wahalar ba. Mai ƙofa goma ta fi sauƙi, harsuna 20 ne kawai. Doguwar nan mai ƙofofi layi biyu, wadda aka fi cin karo da ita a kasuwa, kowace murya harshe biyu gare ta, an ɗan saɓa saitinsu da gangan don sautin ya riƙa rawa. Kada a ɗauki rawar a matsayin lalacewa. Mai maɓalli a gefe, in ƙofa 12 ce, harsuna 48 ne a cikinta, kuma tana da nata matsalolin daban (tambaya ta 14).

Abin dubawa kafin saye shi ne da me aka haɗa ta. Wadda aka ɗaure da sukurori, irin Special 20 ta Hohner ko Lee Oskar, ana kwance ta a mayar ba fargaba. Tsohuwar Marine Band, wadda kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus ke yi tun 1896, ƙusoshi ne ke riƙe da ita a jikin katako, kuma duk kwancewa sai ramukan ƙusar sun ƙara faɗi.

3. Sabuwa ce fil, amma zuƙar ƙofa ta 2 da ta 3 ba ta fita sosai. An sayar mini da mai lahani ne?

Da wuya. Waɗannan ƙofofin su ne ke saurin lanƙwasa murya, wato saukar da ita ƙasa da inda take ta hanyar sauya yanayin baki, don haka in mai koyo ya matse maƙogwaro yana tsotsa da ƙarfi, sai muryar ta sauka ta shaƙe. Saki muƙamuƙi, kwantar da harshenka, ka ja numfashi daga ciki a hankali, ka bar kaɗan ya bi ta hanci. In ta fito tas, hamonikar lafiyarta ƙalau. In wanda ya ƙware ya gwada ta ƙi masa shi ma, sai a koma tambaya ta 8. Kada ka kwance sabuwar hamonika a makon farko saboda waɗannan ƙofofi biyu.

4. Me zan riƙa yi kullum don ta daɗe?

Kuskure baki da ruwa kafin ka busa. Goro, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dabino suna barin ɓarɓashi da ke maƙalewa a taga. Shayi mai sukari, zoɓo da kunun aya sun fi ɓarna, domin sukarin na bin yawu ya bushe a jikin harshe ya zama danƙo. Riƙa ɗaga kai kaɗan lokacin busa don yawu kada ya gangara ciki. In ka gama, buga ta a tafin hannu ƙofofi na kallon ƙasa, goge marfin, ka bar ta ta sha iska na ɗan lokaci kafin ka rufe.

Yanayin garin nan ma yana da nasa rabo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, kuma in ta haɗu da laima a cikin kum sai ta zama taɓo. Kada a bar ta tsirara a kan tebur ko a aljihu, inda zare da gashin yadi ke shiga; akwatinta ko tsumma mai tsabta marar gashi. Da sanyin asuba a ɗumama ta a hannu ko a hammata kafin a busa, don tururin numfashi ba ya taruwa sosai a kan ƙarfe mai ɗumi. Da damina kuwa matsalar rufe ta a jiƙe ce: sukurori su yi tsatsa, ciki ya yi wari. Da bazara, kada a manta da ita a cikin mota a rana.

Abin da ya fi duk waɗannan kashe harsuna shi ne ƙarfin numfashi. Busa da ƙarfi ba ya ƙara amo yadda mutane ke zato, gajiyar da ƙarfen kawai yake yi (tambaya ta 12).

5. Zan iya wanke ta da ruwa?

In kum ɗin roba ne ko ƙarfe, i. Wankin gaggawa shi ne a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi ta ƙofofi, a kakkaɓe sosai, a busa a hankali har ruwan ya fita. Wanki na sosai kuwa sai an kwance: a jiƙa faranti na minti goma a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a goge da buroshin haƙori mai laushi daga gindin harshe zuwa bakinsa, kada a gitta, kada a komo da baya don gashin buroshi na iya sarƙe bakin harshe ya tanƙware shi. A ɗauraye, a bar komai ya bushe sarai kafin a haɗa.

Kum na katako ba a jiƙa shi. Da farko zai kumbura ya toshe kafofin iska har ka ji kamar ta gyaru, sannan ya bushe ya kankance, haƙoransa su fito su riƙa yankan leɓe. Busasshen buroshi da tsinken sakace sun ishe shi. Tafasasshen ruwa na karkatar da roba. Fetur, kananzir, bilic, man keke da man goge tagulla duk ba su da wuri a abin da ake sa wa baki ana zuƙa. Duhun da tagulla ke yi da tsufa ba ya taɓa sauti, a ƙyale shi.

6. Waɗanne kayan aiki nake bukata, kuma ina zan same su?

Ƙananan sukundireba irin na masu gyaran waya da agogo, wanda bakinsa ya zauna daram a kan sukurun, domin kan sukurun hamonika ba ya jure zamewa. Filageji, wanda makanikai ke auna ratar fulogi da bawul da shi, daga wajen masu kayan gyaran mota. Ganyen da ya fi amfani shi ne na milimita 0.05, a wanke masa mai tukuna. Samfefa lamba 240, 400 da 600, guntun gilashi mai kauri daga masu yankan gilas, tsinken sakace, sifirit daga kemis, da manhajar auna murya a waya. Kusan duka ana haɗa su a kasuwar Sabon Gari da shagunan PZ. A shimfiɗa farin tsumma a yi aiki a kai, sukurori kuma a zuba su a murfin kwalba.

7. Ƙofa ɗaya ta yi shiru farat ɗaya. Harshen ya karye ne?

Shirun farat ɗaya yawanci datti ne: gashin baki, zare, ɓarɓashin abinci ko busasshen yawu tsakanin harshe da taga. Kada ka busa da ƙarfi don ka ture shi, kada kuma ka zura allura ta ƙofa. Cire marfi, ɗaga farantin ga haske, ka duba siririn layin hasken da ya kewaye harshen. Inda hasken ya yanke, nan abin yake. Zura filageji ta gefe ka ja shi zuwa bakin harshe. Sannan ka ɗaga bakin kaɗan ka saki: lafiyayyen harshe zai yi ƙara mai tsawo, wanda ke gugar wani abu zai yi ƙyas ya tsaya.

8. Mece ce rata, kuma yaya ake daidaita ta?

Harshe ba ya kwanciya daidai da fuskar faranti, bakinsa a ɗage yake kaɗan don iska ta sami wurin kama shi. Wannan ɗagowar ita ce rata, kuma babu gyaran da ke sauya hamonika kamar daidaita ta. In ta yi yawa, iska na wucewa kafin murya ta fito, ƙofar ta riƙa cin numfashi. In ta yi kaɗan, ƙofar na amsawa da ɗan numfashi amma ta ɗauke da zarar an matsa mata. Ma'aunin farawa shi ne ratar ta kai kaurin bakin harshen kansa, wato dogayen harsuna su fi rata, tana raguwa a hankali har zuwa ƙofa ta 10.

Don rage ta, danna harshen da tsinken sakace wajen tsakiyarsa ya shiga taga kaɗan, ka saki. Don ƙara ta, tura shi ta ɗaya gefen. Ƙananan dannawa da yawa sun fi babba guda ɗaya. Bayan kowace dannawa ka kaɗa harshen sau uku ko huɗu ya zauna, ka ɗora faranti a kum ka riƙe marfi da yatsu, ka gwada da numfashi mai sauƙi da kuma mai ƙarfi. Dubi harshen ta gefe: ya kamata tsawonsa duka ya shiga taga kusan lokaci ɗaya. In bakin ne ke riga shiga, ko cikin ya yi doro, amsawarsa ba za ta yi kyau ba ko da ratar ta yi daidai.

Harsuna biyu na ƙofa ɗaya aiki suke tare, musamman wajen lanƙwasa murya. In zuƙar ƙofa ta 3 na wahalar lanƙwasawa, sau da yawa ratar harshen busawa na ƙofar ce ta yi faɗi. Babu ratar da ta dace da kowa. Mai nauyin numfashi na bukatar fili fiye da mai busa a hankali.

9. Tana zizza ko ƙarar ƙarfe. Daga ina?

Fara da sukurorin marfi, ko sun saki. In zizar a zuƙar ƙofa ta 1 take, musamman a hamonika mai kaurin murya irin mai ki G (ki shi ne muryar da aka gina hamonikar a kanta), harshen ne ke dukan marfin ƙasa. Rage ƙarfi, ko ka duba ko marfin ya lotsa a aljihu ka miƙe shi. In ba haka ba, harshen ya karkace yana gugar gefen taga. Duba hasken nan na tambaya ta 7: in ya fi faɗi a gefe ɗaya, zura filageji a matsattsen gefen kusa da gindi ka tura kaɗan-kaɗan har hasken ya daidaita.

10. Iska na zurarewa, ina busa da yawa sauti kaɗan. Me zan yi?

In ƙofa ɗaya ce, rata ce. In duka ne, faranti bai kwanta a kan kum ba. Sassauta sukurori duka, ka sake ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, kowanne har ya tsaya kawai. Ɗaurin ƙarfi na lanƙwasa faranti tsakanin sukuru da sukuru, ya buɗe kafar da ake son rufewa.

In bai isa ba, kuma kum ɗin shimfiɗaɗɗe ne kamar na katako, sai a daidaita shi. Manna samfefa 240 a kan gilashi, zana layuka da fensir a fuskar kum, ka goga a hankali kana juya shi har layukan su ɓace ko'ina, ka gama da 400. Fuskar farantin zuƙa da ke kallon kum ma ana yi mata haka, tunda babu harsuna a wannan gefen. Farantin busawa ba a goga shi, harsunansa na nan. Kum na roba mai gurbin da faranti ke zama a ciki shi ma ba a goga shi. Bayan gugar katako, a kashe kaifin haƙoran da 600, a shafe shi da narkakken kakin zuma mai tsabta, a goge rarar. Wannan na rage shan ruwa da damina da tsagewa da hunturu. Fenti da banish na kafintoci ba na baki ba ne.

Mai ƙusoshi ana iya mayar da ita mai sukurori: a huda faranti ɗaya da bakin milimita 1.6 a yanka masa zaren da sukurun M2 zai kama, a huda kum da ɗaya farantin da ɗan faɗi yadda sukurun zai wuce. A haɗa su uku a matse kafin hudawa don ramukan su dace, kuma a nisanci tagogi.

11. Murya ɗaya ta kauce. Yaya ake saita ta?

Ƙa'idar guda biyu ce. Kankare kusa da bakin harshe na rage masa nauyi, murya ta hau. Kankare kusa da gindi na rage masa tauri, murya ta sauka. Zura filageji a ƙarƙashin harshen ya tallafe shi, ka goga da siririyar samfefa 400 da aka naɗe a tsinke, bisa tsawon harshen, domin zanen da ya gitta wurin tsagewa ne nan gaba. Shafa biyu ko uku, kaɗa harshen, haɗa, gwada. Gajerun harsuna na sama shafa ɗaya na iya wuce da su. Ƙarfen da ka cire ba ya dawowa, don haka tsaya kafin ka kai, ka bar ta ta kwana, ka ƙarasa washegari.

Kafin ka taɓa komai, san yadda masana'anta ta saita ta. Ana yawan saita hamonika a kan 442 ko 443 maimakon 440 (wato yawan kaɗawar muryar A a daƙiƙa guda), saboda numfashi na saukar da murya kaɗan. Sa manhajarka a 442 ka busa a hankali. Manhajar na raba rabin mataki, kamar tazarar da ke tsakanin mi da fa, gida 100, kowane gida sent guda. A irin su Marine Band, muryar mi, wato busa 2, 5 da 8, an saukar da ita da gangan da sent 10 zuwa 14 don muryoyi su haɗu lumui in an busa ƙofa uku tare. Wanda ya ɗaga su zuwa sifili ya ɓata wannan daɗin. Kunne ya fi manhaja a nan: toshe ƙofa ta 2 da ta 3 da harshenka ka busa 1 da 4 tare. In sautin na kaɗawa, ɗayansu ya kauce; in ya tsaya cak, sun daidaita.

A wanke garin tagulla daga faranti kafin a kai baki. Wasu na ɗiga dalma a bakin harshe don saukar da murya da yawa. Dalmar masu gyaran rediyo sau da yawa tana da gubar da ba a so a jiki, a guje ta.

12. Na saita, bayan kwana biyu ta sake sauka. Me ya sa?

Harshen ya gaji. Wata tsaga da ido ba ya gani ta fara kusa da gindinsa, kuma ba ta da magani. Alamarta murya ta riƙa sauka da kanta, in an kaɗa shi kuma ƙarar ta mutu da wuri. Zuƙar 4 da ta 5 ne suka fi saurin mutuwa, ta 5 ɗin saboda masu ƙoƙarin lanƙwasa ta alhali ba ta da cikakken rabin matakin da za ta sauka. A daina busa ta haka, don guntun na iya ɓallewa ya bi numfashi.

Hanya mai sauƙi ita ce sauya faranti biyun gaba ɗaya. Lee Oskar, Seydel da Suzuki duk suna sayar da na wasu samfuransu daban. Ɗaya hanyar ita ce dashen harshe daga matacciyar hamonika iri ɗaya, mai taga tsawo ɗaya. A fitar da ƙusar da siririn fanci a kan ƙarfe mai rami, a daidaita wurin, a kafa sabon da ƙusa ko da sukurun M1.4, a tsaida shi tsakiya, a yi rata, sannan a saita. Shi ya sa ba a yar da matacciyar hamonika: harshe ɗaya ya mutu, 19 na nan. Harsunan Suzuki da yawa walda aka yi musu, ba ƙusa ba, nasu sai an huda. Seydel kuwa, wanda ke garin Klingenthal tun 1847, yana yin harsunan ƙarfe marar tsatsa, waɗanda suka fi tagulla taurin kankarewa.

13. Zan iya sauya jerin muryoyin don ta dace da waƙoƙinmu?

Sosai, kuma a nan gyara ke da daɗi. Waƙoƙin Hausa da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. A tsakiyar hamonika duka suna nan, daga ƙofa ta 4 zuwa ta 7. A ƙasa ne ake rasa la, ga so kuma har sau biyu, a zuƙar 2 da busar 3. In aka ɗaga busar 3 da mataki guda, daga G zuwa A a hamonikar ki C, an sami la ba tare da an rasa so ba. Wannan saitin shi ake kira Paddy Richter, Brendan Power ne ya fito da shi don kiɗan Ayaland. Abin da za ka bayar a madadinsa: zuƙar 3 ba za ta ƙara lanƙwasuwa fiye da rabin mataki ba, kuma haɗin muryoyin busa na ƙasa zai sauya launi.

Mataki guda kankara ce mai yawa. Baza ta a kan sulusin harshen na wajen baki, kada ka ci wuri ɗaya har ya zama takarda, ka bi matakan tambaya ta 11. Wani sauyin da aka sani shi ne ɗaga zuƙar 5 da rabin mataki, daga F zuwa F#, don mai busa waƙa a ki G da hamonikar C.

Masu nisa a harkar suna kuma matse taga: su bi gefunanta da abu mai santsi mai zagaye, tagullar ta ɗan shigo ciki, iskar da ke zurarewa ta ragu. Yana ƙara kaifin amsawa, amma a garin ƙura matsattsiyar taga ta fi saurin maƙalewa. A ganinmu wanda bai gwanance a rata ba bai kamata ya fara wannan ba, kuma ko zai fara, a kan mai arha.

14. Mai maɓalli fa? Maɓallin na maƙalewa, wasu muryoyi na yin "fat" kafin su fito.

Maɓallin busasshen yawu ne ke riƙe shi. Kwance sukurori biyu na bakin, ka jera sassan yadda ka cire su, ka kula da siririn sifirin da 'yan robobin da ke sanye a jikin sukurorin. Wanke da ruwan ɗumi, kada ka sa mai ko bazilin, ƙura za su tara. In ka ɗaure ya ƙi motsi, ɗaurin ya yi yawa. Riƙa sassautawa da rubu'in juyi har ya sake.

"Fat" ɗin daga bawul yake, 'yan siraran ledojin da aka manna a kan tagogi don tsimin iska. Laima ce ke manne su, shi ya sa ɗumama wannan irin kafin busa wajibi ne da hunturu. Don tsabtacewa, zura 'yar takarda mai ɗan danshi a ƙarƙashin bawul ɗin da tsakanin ɓawonsa biyu, danna da yatsa kaɗan, ja ta waje, ka maimaita da busasshiya. Wanda ya naɗe ya ƙi kwanciya sai sauyi. Wankin gaggawa na tambaya ta 5, wato zuba ruwa ta ƙofofi, ba a yi wa mai bawul.

15. Na samu ta hannu a gwanjo. Zan iya busawa?

Sai an kwance an tsabtace. Marfi, faranti da kum na roba a wanke su, a shafe da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Kum na katako da wani ya daɗe yana busawa ya sha yawu har ciki, gara a sauya shi. In ka ga tsatsa ta ci cikin marfi, ko kore-kore mai gari a kan faranti, ajiye ta a matsayin ma'ajiyar harsuna da sukurori don aikin tambaya ta 12. Aron hamonika baki da baki kuma a bar shi, ko tsakanin 'yan kwaya ɗaya. Mura da ciwon baki na bin ta.